Yadda zaka koyi busa armonika da kunne, ko baka iya karanta takardar kida ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da wasu samari suka ganni a bakin gadar Binuwai nan Garwa da yamma ina busa 'yar armonikata, wato dan karamin abin busa mai jerin ramuka da ake sawa a baki, tambaya daya ake ta min, wai a ina na koya, ko na iya karanta takardar kida irin ta masu fiyano. Toh ni dai wlh ko layi daya ban iya karantawa ba, da kunne na koya, kuma wanda ya dora ni a hanya wani dattijo ne dan Cadi mai gadi a unguwarmu, shima ko sunan do re mi bai sani ba. Ranar farko da naje masa da sabuwar armonikata ina ta rawar jiki, karba yayi ya sa a aljihun rigarsa yace "yaro, rera min wakar da kake so ka busa tukuna." Nace Baba ai busa nazo koya ba waka ba. Yace "abinda makogwaronka bai rike ba, karfe ba zai rike maka ba." A ranar naji haushi sosai, amma duk abinda zan rubuta a nan daga wannan maganar ya fito.

Mu fara da kayan aiki, don anan mutane da yawa suke asarar kudinsu.

Wadda zaka fi gani a kasuwa, ko babbar kasuwar Garwa ko Marwa ko Kusiri, itace doguwar nan mai layi biyu na ramuka, yawanci 24, 'yar Sin, ana ce mata tremolo. Kowane sauti siririn harshen tagulla biyu ne a cikinta ke bada shi, an dan saba su kadan, shi yasa muryarta ke rawa-rawa. Bata da laifi in waka mai sauki kawai kake so, amma ba da ita zan yi bayani ba. Ka nemi gajera mai rami 10, da lamba 1 zuwa 10 a rubuce a samanta, da harafin C a gefe. C din nan shine do a yadda muka koya a lekol, wato makarantar boko, A kuma la, B si, D re, E mi, F fa, G sol, ka rike wannan don zai maka amfani a gaba. Cikinta akwai 'yan harsunan tagulla guda 20, kowane rami biyu, daya na busa daya na zuka. In da hali ka sa a kawo maka daga Yawunde ko Duwala ko Kano, Hohner ce sananniya, kamfanin Jamus ne tun 1857 a garin Trossingen, akwai Suzuki ta Japan, akwai Lee Oskar, akwai Easttop ta Sin mai saukin kudi kuma tana aiki. Shawarata ka dauki mai cikin roba irin Special 20 ta Hohner. Marine Band din da ake ta yabo, wadda take tun 1896, cikinta katako ne, yana shan yawu ya kumbura, sannan hunturun mu na nan ya busar da shi ya tsuke, karshe ya dinga yankar maka lebe. Mai maballi a gefe kuwa, irin ta Stevie Wonder, ka barta sai nan gaba, tsada gareta kuma wata hanya ce daban.

Bayan ita sai waya, ko wace iri in dai Android ce mai dan wuri. Abu hudu zaka sa a ciki. VLC, saboda yana rage saurin waka ba tare da murya ta canza ba, kuma yana da abin maimaita wuri daya, A-B, ka sa alama a farkon layi da karshensa ya ta juyawa har ka gaji. Music Speed Changer, shi kuma har daga murya ko sauke ta yana yi. Sai tuna irin ta masu jita wadda in ka yi sauti take nuna maka harafinsa, ka nemi wadda aka rubuta chromatic. Sai abin daukar murya wanda dama yana cikin wayar. YouTube ma yana rage sauri zuwa 0.75 ko 0.5 amma mega zai sha, ga rezo yau akwai gobe babu, gara ka sauke wakar sau daya ko abokinka ya tura maka ta Xender. WhatsApp kam kar ka wahalar da kanka, kara sauri kawai ya iya. Sai kaye, wato littafin rubutu, da biro. Ekutar kuma, wato abin sauraro na kunne, kunne daya zaka sa, dayan ka barshi a bude kana jin kanka.

Mataki na farko, sauti daya tak

Ka rike ta da hannun hagu, lambobi na kallon sama, rami na 1 mai kaurin murya yana hagu. Duk sabon shiga in ya busa sauti uku ne ke fita tare, dadi dai akwai amma ba zaka taba gane waka a haka ba. Ka tsuke baki kamar zaka yi fito, sannan ka tura armonikar cikin lebe sosai ta zauna a jikakken wurin, ka dan daga bayanta sama. Yawancin mutane tsoro suke su taba ta da bakin lebe kawai kamar shayi mai zafi, sai iska ta zube ta gefe sautin ya fito siriri. Ka fara da rami na 4, busa, zuka, busa, zuka, har ya fita shi kadai tas. Kuma kalmar busa ma tana yaudara, ba algaita bace da za'a cika kumatu, numfashi ne kawai kake yi ta cikinta, daga ciki ba daga kirji ba, a hankali kamar kana huci a madubi. In kaji jiri ka tsaya, karfi kake sawa. In kuma iska ta cika maka kirji saboda yawan zuka, ka saki kadan ta hanci lokacin da kake busawa.

Sati daya zuwa biyu wannan zai ci. Kar ka tsallake shi.

Anan bari in baku labarin kunyar da na sha. Rami na 2 in ka zuka, wurin sabon shiga sai yayi wani gurnani kamar akuyar da aka shake, ko yaki fita gaba daya. Ni na dauka lalatacciya aka sayar min, na hau moto cikin ranar nan ta watan Afrilu na koma wurin mai shagon na masa tijara a gaban mutane, bawan Allah ya canza min wata, nazo gida itama haka. Da na kai wa Baba mai gadi sai ya zuki ramin ya fita garau, ya miko min yana dariya har da hawaye. Ashe harshena ne ke toshe hanya. Maganinsa ka bude makogwaro kamar mai hamma, harshe ya kwanta, ka zuka a hankali, ka bar iska kadan ta shiga ta hanci. Washegari sai da na koma na ba mai shago hakuri.

Mataki na biyu, ka san inda kowa yake zaune

Zan dinga rubuta b don busa, z don zuka. Busa abu ne mai sauki, do mi sol ne ke ta maimaituwa: 1 do, 2 mi, 3 sol, 4 do, 5 mi, 6 sol, 7 do, 8 mi, 9 sol, 10 do. Zuka kuwa: 1 re, 2 sol, 3 si, 4 re, 5 fa, 6 la, 7 si, 8 re, 9 fa, 10 la. Kar ka haddace duka yanzu. Tsakiyar kawai ka rike, daga 4 zuwa 7, nan ne tsani yake cikakke:

4b 4z 5b 5z 6b 6z 7z 7b

wato do re mi fa sol la si do. Ka lura a 7 abin ya juye, zuka ce ke zuwa kafin busa, kuma daga nan har 10 haka yake, zuka ta fi busa kasa. Wurin nan kowa ke tuntube. A kasa kuma, 1 zuwa 3, babu fa babu la, ba wai taka ce ta lalace ba haka aka kera ta, kuma 2z da 3b sauti daya ne.

Yadda zaka yi da tsanin nan shine ka busa sauti, ka cire armonika, ka rera shi da bakinka, ka mayar ka duba ko kun hadu. Bayan kwana biyu ka juya, ka fara rerawa sannan ka nemo shi. Wannan juyin shine koyon kunne gaba dayansa, sauran duk kari ne.

Mataki na uku, ka sa ta tayi Hausa

Wannan ban taba ganin Bature ya koyar ba don su yarensu bai basu ba. Mu Hausa da hawa da saukar murya muke magana. Kukan yaro da kukar miya ai ba'a rubuce ka bambance su ba, da kunne ne, na farko murya a sama take duka, na biyu ta hau ta sauka. Shi yasa mai kalangu yake kiran sunan mutum da ganga kowa ya gane. Toh kunnen da ya iya wannan tun yana goye, me zai hana shi gano waka.

Ka dauki 6b a matsayin sama, 5b a matsayin kasa. Kukan yaro 6b 6b. Kukar miya 6b 5b. Na gode, 6b 6b 5b. Sannu, 5b 6b. Sai ka gwada "sannu da aiki", zaka ga in kayi 5 6 5 6 5 daidai ne amma kamar na'ura ce ke gaisuwa, don mu in muna magana murya gangarowa take kadan kadan har karshen zance. Gwada 5b 6b 4z 5b 4b kaji yadda ya koma bakin mutum. Kullum ka dauki gaisuwa biyu ko uku, ko kiran 'yan talla da ke wucewa ta kofar gida, mai kunu, mai kosai, ka mayar a armonika, ka busa wa kaninka ko matarka kace me nace. Ranar da uwargida ta amsa min da "yauwa sannu" daga kicin ba tare da ta san busa nayi ba, ranar na san abin ya fara zama.

Mataki na hudu, wakar farko

Ka zabi wakar da ka sani tun kana yaro, ta gada, ta reno, ta lekol, ko kidan bude shiri na rediyo da kake ji kullum. Kar ka fara da wakokin fim na Indiya ko na Kano, muryarsu na zamewa tsakanin sautuka, zasu karya maka gwiwa a banza. Kuma amshi zaka fara dauka don gajere ne kuma yana dawowa.

Ka rera amshin sau biyar ba armonika. Sai ka kula da inda wakar take sauka ta huta, yawanci sautin karshe, wanda in an tsaya a kansa zuciya take kwanciya. Baba mai gadi "gida" yake ce wa sautin nan, nima haka nake cewa. Ka mayar da gidan nan 4b, wato ka busa 4b ka sake rera wakar yadda zata kare a kansa. Daga nan ka nemo sautin farko, sannan kowane mai biye tambaya biyu ce, hawa yayi ko sauka, kuma taku daya ne ko tsalle. Sauti uku uku zaka dinga dauka, in ukun sun zauna ka rubuta a kaye ka kara uku. In ka bata kar ka yi ta lalube sama da kasa kamar mai neman silifa a duhu, cire ta daga baki, sake rerawa, ka tsaya cak a kan sautin da ya gagara ka ja shi da tsawo, sannan ka nemo shi.

Abin da zai taimake ka, yawancin wakokinmu na gargajiya, na Hausa da na Fulani, akan sauti biyar suke tafiya ba bakwai ba. In gida 4b ne, to sau da yawa 4b 4z 5b 6b 6z 7b sun ishe ka, 5z da 7z ko leka su ba zaka yi ba. In waka ta gangara kasa da gida ka duba 3b. In kuma ta nemi la din nan na kasa da babu, ka dauke wakar gaba daya ka kaita sama, gida ya zama 7b, sai 6z ya baka shi.

Wata wakar kuma duk yadda kayi da 4b sai kaji bata zauna ba, tana da wani sanyi ko kewa irin na goge ko sarewar makiyayi da yamma. Toh ba gidanta bane, ka mayar da gida 4z ka bi 4z 5z 6b 6z 7b 8z, re fa sol la do re. Ni a nan nafi zama wlh, a kunnena nan ne armonika tafi kama da kidan mu, kuma baya bukatar wata dabara. Akwai gida na uku a sol, 2z ko 6b, shine wanda masu kidan bulus (blues) na Amurka irin su Little Walter da Sonny Boy Williamson suka fi amfani da shi, a sama zaka same shi cikin sauki, 6b 6z 7z 8z 8b 9b, a kasa kuwa sai ka iya lankwasa murya, zan yi bayaninsa a gaba.

Kayen nan fa na tuni ne kawai. In ka rubuta waka ka busa ta sau uku kana kallo, rufe shi. Na san wani yaro da ya cika kaye biyu da lambobi da ya kwafo a intanet, in ka dauke kayen ko layi daya baya iyawa.

Mataki na biyar, bin waka a waya

Sai yanzu waya zata shigo da gaske. Matsalar farko, wakar da ke waya ba lallai gidanta ya dace da armonikarka ta C ba, kana busa daidai amma kuna ta karo. Ka kunna wakar, ka rera gidanta, ka tsayar da ita kana ci gaba da rerawa a gaban tuna, zata nuna maka harafi. In C ne ka huta, gida 4b. In G ne gida 2z ko 6b. In D ne kuma mai sanyin nan ce, 4z. In wani harafin ne daban sai ka bude Music Speed Changer ka sauke ko ka daga ta, misali waka mai fara'a da ke kan D ka rage rabin taku (semitone) 2 ta dawo C. Muryar mawakin zata dan canza, ba komai. Masu kudi armonika suke tarawa, A, D, G da sauransu, amma shekarar farko guda daya ta isa. Kuma in tuna ta nuna armonikarka ta dan haura layi kadan kar ka damu, da yawa dama dan sama kadan ake saita su.

Sai ka yanki dan wuri, sakan hudu ko biyar kar ya wuce, ka sa A-B, ka rage sauri zuwa 0.75, in ya gagara 0.5. Kasa da haka sautin yana dagulewa. Ka saurara sau goma baka taba armonika ba, na san hannu zai yi ta kaikayi, daure. Sannan ka rera tare da shi, sannan ka kashe ka rera kai kadai, sai a karshe ka dauko ta. In ya zauna ka mayar da sauri kadan kadan har ya koma yadda yake. Don jin yadda armonika ke zama a wakar Afirka ka nemi Ismael Lo na Senegal, yana hada ta da jita, busarsa a natse take ana iya binta.

Duk ranar Juma'a ka dauki kanka a waya minti daya, kar ka saurara sai washegari. Zaka ji abinda baka ji lokacin da kake busawa, yawanci gudu ne, kana wuce kida. Maganin gudu ka dinga buga kafa a kasa, ko ka samu mai tafa maka. In kana da aboki mai jita ko molo ko ma wata armonikar, ku zauna baya da baya, ya kada sauti uku ka mayar masa, ya kara ya zama hudu, wanda ya fadi shi zai sayi shayi. Minti 15 kullum yafi awa uku ranar Lahadi, lebe ma ba zai yarda da awa ukun ba.

Lankwasa murya

Wannan ne kukan nan da kake ji armonika nayi kamar mutum. Ni dai nace ka bari sai ka samu waka goma a kai tukuna. In lokaci yayi ka fara da 4z, kana zuka kana cewa "iiii" a cikin baki sai ka koma "uuu", bayan harshe ya ja baya ya dan tashi wajen da kake fadin "k". Sautin zai nutse, tuna zata nuna ya sauka daga D zuwa C# ko Db, abu daya ne. Ba karfi ake sawa ba, siffar baki ce, masu sa karfi su ke kashe harshen rami na 4 cikin wata biyu. Da zuka ana lankwasa 1, 2, 3, 4 da 6, da busa kuma 8, 9, 10. Rami na 2 yana boye sauti biyu, na 3 har uku, kuma cikinsu ne fa da la din nan da suka bata suke. Zai iya daukarka sati uku kana jin ba abinda ke motsi, rana daya kawai sai ya fado.

Sai kula da ita, don kasarmu ba ta raga wa kaya. Kar ka busa da goro ko gyada a baki, dan guntu daya ya isa ya makale harshen armonikar, in ka sha shayi mai suga ka kuskure baki tukuna. In ka gama ka bubbuga ta a tafin hannu ramuka na kallon kasa, ka barta ta sha iska kafin ka rufe. Lokacin hunturu kullum cikin akwatinta ko cikin safa mai tsabta, ba aljihu tsirara ba, lebe kuma in ya tsage ka shafa man kadanya da dare amma ka goge kafin busa don kura yake kamawa. Zafin Maris da Afrilu da ke wuce 40 kar ka barta karkashin sirdin moto. Mai cikin roba zaka iya daurayewa da ruwa mara zafi, mai katako kar ta ga ruwa. Ba'a aron ta kuma, ko dan uwanka ne, abin baki ne, tari da mura duk ta nan suke bi. Masu gashin baki ku rage shi, in murfin ya cafke gashi daya sai kayi kwalla.

Lokacin busa kuma ka duba makwabta da masallaci, ni tsakanin la'asar da magariba nake yi, in an dauke wuta da dare kuma in shiga daki in rufe ta da tafin hannu biyu, sautin baya wuce kofa.